Me ya sa Elixir ba ya karɓar ƙimar ko-ta-kwana a rassa biyu na fankishan ɗaya?

Tambaya: Na rubuta fankishan mai rassa biyu a Elixir, harshen rubuta manhajar kwamfuta, don tara lambobin da ke cikin jeri, ɗaya na jerin da babu komai, ɗaya kuma na jeri mai lambobi. Na sa wa abin shigarwa na biyu ƙimar ko-ta-kwana (wadda ake amfani da ita idan mai kira bai ba da tasa ba), wato 0, a kowane reshe, sai kwamfaila, manhajar da ke fassara abin da aka rubuta, ta ƙi, tana cewa an ayyana ƙimar fiye da sau ɗaya. Mene ne laifin, tunda ƙimar iri ɗaya ce?

Amsa: Matsalar ta samo asali ne daga yadda Elixir yake gane fankishan, abin da ya gada daga Erlang. A waɗannan harsuna biyu, suna kaɗai ba ya bambanta fankishan, sai an haɗa shi da adadin abubuwan da yake karɓa, saboda haka `tara/1` da `tara/2` fankishan biyu ne daban ko da yake sunansu ɗaya. Erlang ba shi da ƙimar ko-ta-kwana ko kaɗan. Mai rubutu da kansa yake rubuta `tara/1` wanda ba ya yin komai illa ya kira `tara/2` da sifili. Alamar `\\` ta Elixir wannan aikin take yi a madadin mai rubutu, domin da zarar kwamfaila ta gan ta sai ta ƙirƙiro gajeren fankishan ɗin a ɓoye.

Ma'anar wannan ita ce cike gurbin abin da aka bari yana aukuwa ne kafin a fara daidaita siffa, wato gwada abin da aka aiko da siffar kowane reshe don a ga wanda ya dace. A lokacin da ake neman ƙimar ba a riga an san reshen da zai dace ba, don haka ƙimar ta fankishan ce baki ɗaya, ba ta wani reshe ba. Da an yarda kowane reshe ya kawo tasa, da wata rana ɗaya ya ce 0 ɗaya ya ce 1, kuma kwamfaila ba ta da hujjar fifita ko ɗaya. Mafita ita ce a rubuta kan fankishan wanda ba shi da jiki, a ayyana ƙimar a can sau ɗaya tak:

```
def tara(jeri, jimla \\ 0)
def tara([], jimla), do: jimla
def tara([x | saura], jimla), do: tara(saura, jimla + x)
```

A layin farko sunaye kawai ake sa wa, ba a sa siffa irin `[]`. Ya kamata kuma a kula cewa barin abin shigarwa daban yake da aika `nil`, ƙimar da ke nufin babu komai: wanda ya kira `tara([1, 2], nil)` ya ba da abubuwa biyu cur, saboda haka 0 ba za ta shigo ba, kuma lissafin zai faɗi a wurin tarawa. Wani bambancin da yake ruɗa waɗanda suka fito daga Python shi ne, a Elixir ana lissafa ƙimar ne duk lokacin da aka kira fankishan ba tare da ita ba, alhali Python sau ɗaya yake lissafa ta a lokacin ayyanawa.

Sauran harsunan kowanne da hanyarsa. OCaml yana rubuta `?(jimla = 0)`, kuma yana buƙatar wani abin shigarwa marar laƙabi ya biyo baya, domin tunda ana iya ba fankishan abubuwansa ɗaya bayan ɗaya, sai an ga wannan na bayan ne ake tabbatar da cewa an bar na zaɓin da gangan. Haskell ba shi da wannan tsarin, akasari da `Maybe`, nau'in da ke nuna akwai ƙima ko babu, ake maye gurbinsa. A harshen Wolfram kuwa ƙimar tana cikin siffar kanta, kamar `f[x_, y_:0]`, wanda shi ne ya fi kusa da abin da mai tambaya ya yi zato.

A ra'ayina, ko da lambar da ke sama tana gudana daidai, `jimla` ba abu ba ne da ya dace mai kira ya taɓa, don haka ya fi tsafta a bar `tara/1` a fili, a mayar da mai abubuwa biyu na sirri da `defp` a ƙarƙashin wani suna. Idan kuma abubuwan zaɓi sun haura ɗaya ko biyu, Elixir yana cike su ne daga hagu zuwa dama, ta yadda ba za a iya tsallake na farko a ba da na biyu ba. A nan ya fi dacewa a karɓi jeri guda na zaɓuɓɓuka masu suna wanda ƙimarsa ta ko-ta-kwana ita ce `[]`, a ciro kowanne da `Keyword.get/3`, wanda abin shigarwarsa na uku shi ne ƙimar da za a dawo da ita idan ba a sami sunan ba.