Tumatirina ya tsiro ya kwanta, ko hannuna ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Tudun Jukun, Zariya. Tsadar kayan miya ce ta ishe ni, shi ne a watan Agusta na samo buhunan siminti shida, na cika su da ƙasar bayan gida, na haɗa da kashin kajin da na sharo daga akurki a ranar. Huɗu na matse musu ruɓaɓɓen tumatir, biyu na watsa alayyafo. Na jera su a gindin mangwaron tsakar gida don kada rana ta ƙona su, ina ba su ruwa safe da yamma. Tumatirin ya fito gwanin sha'awa, ya yi tsawo siriri, sai na wayi gari ya kwanta, wuyansa ya tsuke kamar an ɗaure da zare. Alayyafon kuwa kaji suka gama da shi. Maƙwabciyata ta ce wai akwai hannun da shuka ba ta karɓa. In haƙura ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki haƙura, maganar hannun nan kuma ki cire ta daga ranki. Ko manomin da ya tsufa a fadamar Galma ne ya yi abin da kika yi a watan da kika yi shi, haka nasa tsiron zai kwanta.

Wuyan da kika ga ya tsuke aikin fumfuna ne da ke zaune a cikin ƙasa, ba ya samun ƙarfi sai ƙasa ta jiƙe sharkaf ta kwana a haka. To ki duba: Agusta tsakiyar marka ce, a cikin ruwan da Zariya ke samu, kimanin milimita 1,000 a shekara, babu watan da ya kai shi. Sama tana zubawa, ke ma kina ƙarawa sau biyu a yini, ga buhun siminti ba ya sakin ruwa in ba a huda gindinsa ba. Ki ɗauki ƙusa ki yi wa kowane buhu huji kamar goma a ƙasa da gefe, ki ɗora shi a kan duwatsu ko fasasshen bulo. Kafin ki ba da ruwa kuma, ki tura yatsa har gaɓa biyu. In kin ji sanyin laima, ki ajiye butar.

Tsawon nan siriri da ya burge ki, neman rana tsiron yake yi. Kayan lambu suna son rana aƙalla awa 6 a yini, gindin mangwaro kuwa ko rabin haka ba zai ba su ba. Gobe ki lura da tsakar gidanki tun hantsi har la'asar, inda rana ta fi daɗewa nan ne lambunki, ko da kusa da igiyar shanya ne.

Kashin kaji taki ne mai kyau ƙwarai, amma ɗanyensa yana ƙona saiwa. Ki tara shi a lungu da busasshen ganye, ki riƙa yayyafa masa ruwa kina juyawa, sai ya yi wata biyu, ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, warin ya tafi. Sannan ki haɗa kwano biyu na ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na takin. Yashin nan kada ki raina shi, ƙasarmu ta Zariya in ta sha ruwa ta bushe sai ta yi ɓawo a sama, ƙaramin tsiro ba ya iya fasa shi.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Ki fara da ganye, ki bar tumatir ya biyo baya. Alayyafo kwana uku zuwa biyar ya tsiro, sati uku zuwa huɗu kin fara yanka. Ƙwayarsa ƙanana ce ainun, sai ki cuɗa ta da busasshen yashi kafin ki watsa don kada ta taru wuri ɗaya. In za ki yanka, ki bar kamar tsawon yatsa daga ƙasa, zai sake tofowa. Ki shuka buhu ɗaya yau, wani bayan kwana goma, wani bayan goma kuma, da haka tukunyarki ba za ta rasa ganye ba. Da hunturu ya kama ki ƙara salak. Kuɓewa ba ta son sanyi, ki bar ta sai ɗumi ya dawo, ita da rama da yakuwa duk damina ce tasu.

Shi tumatir, ki bi masu lambun bakin Galma. Suna renon iri wajen Oktoba, su yi dashe a fangali bayan sati uku zuwa huɗu, su fara ɗiba daga Janairu. Yana son dare mai sanyi da ganye busasshe, in kuma zafin Maris da Afrilu ya haura maki 32 a ma'aunin Celsius, furensa kakkaɓewa yake yi. Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce, lokacin da naki zai nuna, a lokacin ne kwando ke araha a kasuwar Sabon Gari. Don haka buhu biyu sun ishe ki koyo, tushe ɗaya a kowane buhu, da sanda a gefe a ɗaure shi. Kuɗin cefane kam, ganye ne zai rage miki shi.

Irin ruɓaɓɓen tumatir kan zo da cutarsa, in kuma wanda aka yi wa aure ne, wato aka haɗa iri biyu aka samar da shi, 'ya'yan ba sa biyo uwar. Ki aika a sayo miki na cikin leda a shagon masu iri, Roma VF ko UC82B, wanda 'yan kasuwa ke kira UTC, a duba kwanan watan da ke jikin ledar. Allah ya kuma yi mu a garin da ke da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da hukumar malaman gona ta NAERLS, duk a Samaru. Yana ba ni takaici yadda mutane ke zuwa daga nesa neman shawara a can, mu da muke maƙwabtaka ba mu leƙawa.

Ki riƙa ɗaga ganyen tumatirin kina dubawa. In kin ga wani fari-fari a cikin ganye har kina hango haske ta wurin, ɓarnar tsutsar da manoma ke kira Sharon ce, wadda ta cinye gonakin tumatir a jihar Kaduna a 2016. A buhu biyu ba kya buƙatar feshi, ki tsinke ganyen ki jefa a murhu. Alayyafon da yara za su ci jibi kuwa, don Allah kada maganin ƙwari ya taɓa shi.

Kaji da ƙadangaru sai shinge. Kaka ta kusa, karan dawa zai samu a banza, kafin nan ki wanke tsohon gidan sauro ki lulluɓa a kan sanduna huɗu. Ruwan wanke shinkafa da na alwala duk ki tara wa shukar, banda mai omo ko gishiri.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru. Tumatirin da na dasa a bokiti ya yi 'ya'ya, amma gindin kowanne ya yi baƙi ya lotsa. Wane magani zan saya?

AMSA: Ɗana, riƙe kuɗinka, wannan ba ƙwari ba ne. Ban ruwanka ne ba ya tafiya daidai: yau bokiti ya bushe ƙamas, gobe ka cika shi maƙil, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ga 'ya'yan. Ka cire waɗanda suka lalace, ka rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ka riƙa ba shi ruwa kowace safiya gwargwado ɗaya. In za ka tafi hutu, ka bar wa wani amanarsa. Waɗanda za su fito daga baya za su zo lafiya in sha Allahu.