Karyata ta tsufa kuma ana zargin ciwon daji: a yi mata aiki ko a ƙyale ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da karya, Alsatian ce da aka haɗa da na gida, shekararta goma tana gadin gidana a Kaduna. Wata huɗu da suka wuce na lura da wani ƙululu a mamanta na baya, lokacin bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, yanzu ya kai ƙwan kaza. Likitan dabbobi ya duba ya ce yana zargin ciwon daji ne, a yi mata aiki. Har yanzu tana cin abinci, tana haushi da dare, sai dai tana yawan lasar wurin. Mutanen gida sun ce ta tsufa, ba za ta farfaɗo daga allurar barci ba, kuɗin ma asara ne. Ni kuma ba na son in zuba ido tana wahala. Yaya zan yi? Sannan yara suna wasa da ita, ana ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da ta ƙarshen don hankalinka ya kwanta. Ba a ɗaukar ciwon daji daga kare, ko yaro ko babba. Idan dai wurin ya fashe yana ruwa, a hana yara taɓawa saboda ƙazanta da ƙwayoyin cuta, kamar kowane miki.

Maganar shekaru kuma, mutanen gidanka suna da ɗan gaskiya, amma ba a nan hukuncin yake ba. Shekara goma ga karya mai jinin Alsatian tsufa ne, babu musu. Sai dai abin da ke sa dabba ta kasa tashi daga allurar barci shi ne lalacewar zuciya, ƙoda, hanta, ko ƙarancin jini, kuma duk waɗannan ana iya aunawa. Akwai 'yar shekara goma sha biyu da za ta ɗauki aiki lafiya lau, akwai 'yar shida da ba za a kuskura ba. Don haka kuɗinka na farko kada ya tafi ga aikin, kada kuma ya tafi ga magunguna. Ya tafi ga gwaji.

Gwaji biyu ne ba na yarda a tsallake. Na ɗaya hoton ƙirji. Ciwon dajin mama idan zai yaɗu, kaluluwar da ke kusa yake fara kamawa, ta matsematsi ko ta hammata, daga nan sai huhu. Idan hoto ya nuna ya riga ya isa huhu, yanke ƙululun ba zai warkar da ita ba, kuma lissafin gaba ɗaya ya sauya. A ɗauki hoton ta gefen dama da na hagu da kuma a rigingine, domin ƙananan ɗigo sukan ɓuya a hoto guda. Na biyu gwajin jini: yawan jinin, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, da aikin ƙoda da hanta. Wannan na ƙwayoyin daskarewa ina nanata shi ne saboda karnukanmu da kaska. Cututtukan da kaska ke sawa sukan zaftare waɗannan ƙwayoyi ba tare da kare ya nuna alama ba, sai an tsaga a ga jini ya ƙi tsayawa. In an gano da wuri, magani ake fara ba ta na 'yan makonni sannan a sa ranar aiki.

Yanzu ga abin da aka sani game da irin wannan ƙululu. A cikin ƙarin da ke fitowa a maman karnuka, kusan rabi ne mugu, sauran rabin ba ya yaɗuwa. Da ido ko da hannu ba a iya rantsuwa kan wanne ne, ko allurar da ake zuƙo ɗan ruwan ciki da ita ba ta cika raba gardama a ƙarin mama ba. Tabbaci sai an cire an kai ɗakin bincike an duba naman a madubin likita. Amma akwai alamu. Girma yana da magana: wanda bai kai santimita 3 ba ya fi kyakkyawan ƙarshe, wanda ya haura santimita 5 ya fi ban tsoro. Ƙwan kaza yana kan wannan iyaka ta sama. Saurin girman ma abin dubawa ne, daga gyaɗa zuwa ƙwai cikin wata huɗu ba tafiyar hawainiya ba ce. Shi ya sa ban ga laifin likitanka da ya yi zargi ba, kuma shi ya sa ba na son ka ƙara wata biyu kana shawara.

Yau da yamma, idan ta natsu, ka kwantar da ita a gefe ka shafa cikinta daga hammata har matsematsi. Mama goma ne galibi, biyar a kowane layi, kuma na baya su suka fi kamuwa. Ka bi kowanne da yatsu a hankali, domin karnuka da yawa ƙululun ba ɗaya ba ne, akan sami ƙanana kamar tsakuwa a wasu maman. Shi babban ka ɗan motsa shi: yana zamewa a ƙarƙashin fata, ko ya manne da naman ciki? Mai zamewa ya fi sauƙin cirewa. Ka ɗora ruler a gefensa ka ɗauki hoto da waya, ka maimaita bayan mako guda. Akwai kuma wani nau'i da dole in ambata: idan ka ga duk layin maman ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura ya yi tauri, tana kuka in an taɓa, wannan shi ne mai kama da ƙuna, kuma ba a yi masa aiki, domin yanka ba ya amfana masa komai. Daga bayaninka ba shi ba ne, amma likita ya tabbatar.

To, a ce hoto ya fito fes, jini ma lafiya. Ra'ayina a yi aikin. A ƙarin mama tiyata ita ce magani na gaske, kuma idan ƙarin marar yaɗuwa ne, ko mugu ne amma aka cire shi duka da wuri, karya takan ci gaba da rayuwarta har wani abin daban ya zama ajalinta. Ko da bai warke kwata-kwata ba, akwai riba ta biyu da mutane ba sa sawa a lissafi. Ƙululun da take lasa yana hanyar fashewa. In ya fashe ba ya haɗewa, sai wari, sai ƙuda, kuma a zafinmu kwana kaɗan ne tsutsa ta shiga. Wanda ya taɓa ganin karya da mikin mama mai tsutsa ya san cewa “a ƙyale ta” ba hutu ba ne gare ta. Aikin kuwa yawanci kwana 10 zuwa 14 ne a cire zare. Wahalarsa a kanka take: ka hana ta lasa da kwalar roba, ka ajiye ta a wuri mai tsabta da inuwa, ka sauke mata gadi na wannan lokacin.

Kafin ka biya, ka tambayi likitan abubuwa ƙarara. Wa zai tsaya kan numfashinta lokacin da take barci? Za a sa mata ƙarin ruwa? Wane maganin ciwo za a ba ta bayan aiki? Za a aika naman bincike? Wannan na ƙarshe kada ka bari a jefar da shi don rage kuɗi, shi ne zai gaya maka ko an gama ko da saura. Idan asibitin da kake zuwa ba su da na'urar hoto, daga Kaduna Zariya ba nisa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Masu karatu na wasu wurare akwai irinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Ka nemi a rubuta maka kuɗin komai tun farko, har da na wankin ciwo da dawowa, kada a kai tsakiya aljihu ya gaza.

Wataƙila likitan ya ce a haɗa da cire mahaifa da ƙwai a aiki guda. A wannan shekarun likitoci sun saɓa kan ko hakan yana rage dawowar mugun ƙari, amma yana toshe wata matsalar da ke kashe tsofaffin karnuka mata, wato mahaifa ta cika da mugunya. In jikinta zai ɗauki tsawon aikin, ni ina goyon baya. Amfanin cirewar na gaske tun tana ƙarama ne: karyar da aka yi wa kafin ta fara neman namiji da wuya ta yi ƙarin mama, wadda aka bari ta yi zagaye biyu ko fiye kuwa kusan ɗaya cikin huɗu takan yi. Allurar hana ɗaukar ciki da wasu ke yi wa karnuka a gida ita ma tana ƙara haɗarin. Wannan na faɗa ne don kwikwiyar da za ka kawo nan gaba.

Allurar kemo fa, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji? Mutane suna jin sunan sai su tuna ɗan'uwansu da ya rame gashi ya zube. A karnuka ba haka ake bayarwa ba, ana rage ƙarfin ne don kada maganin ya fi ciwon wahala, kuma mafi yawansu suna ɗauka ba tare da wata babbar matsala ba. Akwai inda take aiki ƙwarai. Ƙarin nan mai zubar jini da ke fitowa a al'aurar karnuka masu yawo, wanda suke ɗauka wajen barbara, allurar vincristine sau ɗaya a mako na mako huɗu zuwa shida tana warkar da mafi yawansu sarai. Ciwon dajin kaluluwa kuma kemo kan ba kare wajen shekara guda, alhali in an bar shi mako huɗu zuwa shida ne. Amma a ƙarin mama hujjar amfaninta ba ta da ƙarfi. Idan wani ya ce ka bar aiki ka sayi allurai, ka nemi ra'ayin likita na biyu.

Idan kuma hoton ya nuna huhu ya kamu, ko ƙoda ta gaza, ko kuwa kuɗin ne babu, kada ka ɗauka ka ci amanarta. Kana da iyali, kuma Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Sai a koma ga sauƙaƙa mata, wanda shi ma aiki ne na kullum. Likita zai rubuta maganin ciwo na karnuka, irin su meloxicam, gwargwadon nauyinta da lafiyar ƙodarta. Kada ka ba ta ibuprofen ko diclofenac na mutane, suna huda cikin kare suna kashe ƙoda. Kada kuma a haɗa meloxicam da prednisolone, haɗin yana sa zubar jini a ciki. In wurin ya fashe, ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ya huce, ka wanke safe da yamma, ka sa mata tsohuwar singileti ka ɗaure ta baya don ƙuda da lasa. Baƙin mai, toka da maganin ƙwari babu abin da suke ƙarawa sai azaba. Abinci kuma ka ba ta abin da take so mai laushi, da ɗan nama ko kifi ko ƙwai, ruwa a kusa da ita kullum.

Tambayar da ba ka yi ba amma na san tana ranka ita ce yaushe za a ce ya isa. Kare ba ya kuka da ciwo kamar mutum, ɓoyewa yake yi, don haka sai ka zama mai lura. In tana barci ka ƙirga ɗagawar ƙirjinta na minti ɗaya: ƙasa da 30 shi ne daidai, in ya riƙa haurawa kullum ko ta fara tari, huhu ne ke magana. Ka ɗaga leɓenta ka dubi dasashi, in ya koma fari fat jini ya yi ƙasa. Ka rataya kalanda, kowane dare ka sa alama ko yau ta ci, ta tashi da kanta ta yi bayan gida, ta taso ta tarye ka a ƙofa. Ranar da munanan kwanaki suka rinjayi masu kyau, ko ta ƙi abinci kwana biyu zuwa uku, ko numfashi ya zama aiki, ko magani ya daina taɓa ciwon, lokacin zama da likita ya yi kan hutar da ita.

Na san wannan yana da nauyi a zuciyar Musulmi. Hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa yana cikin Bukhari da Muslim, kuma malaman fiƙihu, har da na Malikiyya, sun tattauna batun hutar da dabbar da aka yanke ƙauna da ita. Ni likita ne, ba mai fatawa ba, ka kai wa malaminka bayanin halin da take ciki ya ba ka amsa. Abin da zan faɗa a fannina shi ne yadda ake yi: allura ce ta jijiya, ta maganin barci mai yawa, cikin 'yan mintuna take tafiya ba tare da jin zafi ba, kuma likita ne kaɗai zai yi. Ba da guba ba, ba kuma a ɗauke ta a mota a yar a bayan gari ba, inda yunwa da ƙishirwa za su ƙarasa ta. Bayan nan a haƙa rami mai zurfi a binne, domin maganin yana zama a naman, kuma duk kare ko ungulun da ya ci zai iya mutuwa.

Amma karyar da ke ci tana haushi da dare ba ta kai nan ba tukuna. Ka kai ta hoton ƙirji da gwajin jini cikin makon nan, in sun yi kyau a sa ranar aiki kafin ƙululun ya fashe.