Dalarmu ta sefa, dalar Amurka da Dalar Kano: ina suka haɗu?

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka ita ce: ka zo Njamena daga Kano, surukarka ta aike ka da "dala ɗari" a sayo mata kayan miya, ka ɗauka dalar Amurka take nufi sai da aka yi maka dariya, shi ne kake so ka ji ko wannan dalar daga sunan dutsen Dala na garinku ta samo asali. Ni tsakanin Kusuri ta Kamaru da Njamena ta Chadi nake fatauci, kullum ina kan gadar Ngeli, kuma da wannan lissafin na buɗe ido. Bari in ba ka abin da na sani.

Da farko dai Hajiya surukarka ba ta yi kuskure ba. A bakin Bahaushen ƙasashen sefa, dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, dala metan kuwa jaka guda, wato 1,000. Haka za ka ji a Damagaram da Maraɗi, haka iyayenmu suka zo da shi nan. In ka shiga babbar kasuwa ko ta Dembe kuma, sai harshe ya juya zuwa Larabcin Chadi, inda sefa 5 ɗin nan sunanta riyal. Ka tsaya gaban mai tumatir ka ce "be kam?", wato nawa ne, ta ɗaga kai ta ce "miya". Ɗari ke nan a Larabce, amma takardar 500 za ka miƙa mata. In ta ce "ishirin", ƙwandalar 100 take jira. Baƙo yakan ɗauka an cuce shi, alhali ba a ƙara masa ko sisi ba, ninkawa biyar ce kawai bai yi ba.

To daga ina? Ba daga Kano ba. Wajen shekarar 1520 aka fara buga wani babban kuɗin azurfa a wani gari na ƙasar Bohemiya mai suna Joachimsthal, wanda yau yake cikin ƙasar Cek. "Thal" a Jamusanci kwari ne, irin na tsakanin duwatsu. Sunan ya yi wa mutane tsawo, suka gutsure shi ya koma "thaler", mutanen Holan suka ce "daler", Ingilishi ya ce "dollar". Amurka ta ɗauki sunan ta sa wa kuɗinta a dokar 1792. Mu kuwa abin da ya iso mana shi ne azurfar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Teresa. Ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwa ba su yarda da wani bugu ba sai nata, aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar a jiki. Ayarin raƙuma ne ya riƙa tsallako da shi hamada zuwa Borno da Wadai da ƙasar Hausa. Baturen nan matafiyi Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canjin guda ɗaya a kan wuri 2,500.

Na riƙe irinta a hannu, a cikin kayan kakata. Tana da nauyi, kusan giram 28, gefe ɗaya mace mai jiki da mayafi, ɗaya gefen mikiya mai kai biyu. An like mata ɗan kunne a sama don a zura igiya a rataya a wuya, kuma hoton ya shafe saboda shekarun da ya yi yana gugar ƙirji. Har yanzu za ka ga irinta a wuyan tsofaffin matan Shuwa da Fulani, maƙeran farfaru kuma sun narkar da da yawa sun yi munduwa da zobe.

Da Faransawa suka zo, bayan an kashe Rabe a Kusuri a 1900, kuɗinsu na azurfa na faran 5 giram 25 ne, girmansa dab da na waccan. Mutane ba su wahalar da kansu neman sabon suna ba, suka kira shi da sunan wanda suka sani. Aka kafa sefa a 1945, azurfar ta tafi, sunan ya zauna a kan biyar. Ku kuma a can ɓangaren Ingila, sunan ya sauka ne a kan sule biyu, ka tambayi duk wanda ya yi wayo kafin naira ta zo a 1973. Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Riyal na Larabawan Chadi daga "real" na Sifaniya yake, kuma shi ne dai sunan kuɗin Saudiyya, shi ya sa alhazanmu sukan yi raha cewa riyal ɗin Makka ya je makaranta, namu ya tsaya tallan gyaɗa. Bambara a Mali suna cewa dorome, Wolof a Senegal derem, duka sefa 5, duka daga dirhami. Har a Darussalam ta Tanzaniya, motocin haya da ake kira daladala sun sami sunan ne daga sule biyar na kuɗin mota da yaran mota suke kira dala.

Dalar Kano kuwa gidanta daban. Tsohon tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya ce Dala sunan mutum ne da ya zo ya zauna a kan dutsen, kuma daga zuriyarsa Barbushe ya fito, tun kafin zuwan Bagauda da ake sawa a 999. Ka ga ta girmi garin azurfar can da shekara fiye da 500. Abin ma da yake ba ni dariya, ɗaya asalinta kwari ne, ɗaya tudu. Ita ma ta Kano ta haifi 'ya'yanta: buhunan gyaɗa da aka riƙa tulawa zamanin su Alhassan Ɗantata aka ce musu dalar gyaɗa, yau kuma har gine-ginen Fir'aunonin Masar dala muke ce musu. Wannan, a ganina, siffar dutsen aka bi.

Akwai ta uku da mu maƙwabtan Barebari muka sani. A Kanuri, Dala taƙaitawar Abdullahi ce, kamar yadda mu muke cewa Audu. Ina da abokin ciniki Babarbare mai wannan suna, in ya zo karɓar bashi yara sukan ce Dala ya zo neman dala. Tasa daga Larabci ta fito, ba ruwanta da Kano, ba ruwanta da Jamus. Kada kuma a haɗa da "dalla" da ake faɗa in rai ya ɓaci, wannan "don Allah" ce aka matse.

Inda nake saɓa wa wasu da suka amsa maka shi ne cewar da suka yi wai Turawa ne suka ari "dollar" daga Dalar Kano. Na san daɗin faɗa gare ta, amma kama da wane ba ta wane. Kalma mai gaɓa biyu, da baƙaƙe irin "d" da "l" da kusan kowane harshe yake da su, dole a yi ta karo da ita, ko a Zulu "dala" tana nan da ma'anar tsufa. Abin da nake dubawa shi ne ko akwai hanyar da abin ya biyo. Ta azurfa muna da garin da aka buga ta, da ayarin da ya kawo ta, da ita kanta a wuyan kakanninmu. Waccan maganar kuwa ba ta da komai sai kamar sauti.

Sai shawara, tunda za ka riƙa zuwa. Duk adadin da mace mai talla ko mai acaɓa ya faɗa maka da Hausa ko da Larabci, ninka shi biyar. In da Faransanci ya faɗa, yadda ya faɗa ɗin ne, kada ka ninka. In kuwa cinikin babba ne, musamman ta waya da mutanen Najeriya, ka sa a rubuta lambar a saƙo a ƙara "sefa" ko "dalar Amurka" a gabanta, don a 'yan shekarun nan dalar Amurka ɗaya tal ta fi dalar Hajiya ɗari.