Za Mu Iya Gyara Tsohon Filin Jirgin Garinmu Da Aikin Gayya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a kwarin Haɗeja, kuma bara tsuntsayen jan baki sun cinye mana fiye da rabin abin da muka shuka. A bayan garinmu akwai tsohon filin jirgi da dattawa suka ce jirgin feshi yana sauka a kai a da. Yanzu ciyawa ta rufe shi, shanu suna kiwo a ciki. Idan muka share shi da aikin gayya, jirgi zai sauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya mayar muku da alheri. Kun yi daidai da kuka tuna da wannan fili, domin feshin jan baki aiki ne na ɗan taƙaitaccen lokaci, daga sa'ar da tsuntsayen suka koma makwancinsu a cikin kacala gab da magariba zuwa rufawar duhu. Jirgin da ya taso daga Dutse ko Kano yakan ƙone mai da lokaci a hanya, sannan dole ya koma da sauran haske, wanda kuwa ke da wurin sauka kusa da fadama yakan tsaya ya jira lokacin da ya dace. Irin waɗannan filaye sun mutu ne sannu a hankali, bayan hankalin gwamnatoci ya koma kan manyan filayen jirgi na birane, aka bar ƙananan ba mai kasafin kula da su, har gonaki da gidaje suka ci gefensu.

Amma sharar ciyawa ba za ta sa jirgi ya sauka ba, kuma a nan nake so in daɗe, domin kullum ina jin maganar nan cewa fili ai fili ne. Wasu har sukan kafa hujja da cewa jiragen sojan Ingila sun sauka Kano a 1925 ba tare da titin kwalta ba. Haka ne, amma an duba musu wurin kafin su iso, kuma jirgin feshi yana tashi ne da nauyin magani da mai, a cikin zafin da ke sa iska ta yi sako-sako, ta yadda yake buƙatar gudu mai tsawo kafin ya rabu da ƙasa. Filin da ya yi shekaru ba a taka shi ba, gara ta riga ta rarake ƙarƙashinsa, gafiya ta haƙa ramuka, magudanan gefe sun toshe har ruwan damina ya kwanta ya tausasa marmarar da aka daddaɓe. Mutum zai bi ta kai da ƙafa ko da babur ya rantse cewa lafiya lau yake, alhali ƙaramar taya mai ɗauke da nauyin jirgi tana faɗawa rami ɗaya, farfela za ta soki ƙasa, jirgin ya kife da matuƙi da gubar da ke cikinsa. Ban da wannan, a tambayi dattawan nan ko a zamaninsu akwai wayoyin lantarki da dogayen eriyoyin kamfanonin waya da ke tsaye yanzu a bakin filin. Waya ba ta ganuwa daga sama da almuru, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe matuƙan jiragen feshi a duniya. Saniya ɗaya da ta ratsa titin ta isa ta jawo asarar rai.

Ku yi hattara da masu zuwa suna cewa a tara musu kuɗi za su kawo jirgi cikin mako guda. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ita ce ke da hurumin amincewa da wurin saukar jirgi a Nijeriya, kuma babu matuƙi mai lasisi da zai jefa kansa a filin da ba a auna ba. Na san takarda takan kwana a ofis har shinkafa ta nuna, abin yana ƙona mini rai, shi ya sa nake cewa a fara bin ta tun da rani.

Gayyarku tana da amfani a wani wurin: ku nemi hakimi da ƙaramar hukuma su tabbatar da iyakar filin a rubuce kafin a yanka shi fuloti, ku hana gini da dasa itatuwa a bakinsa biyu, ku yashe magudanan, sannan ƙungiyarku ta rubuta wa ma'aikatar gona ta jiha tana neman injiniya ya zo ya gwada ƙarfin ƙasar. Idan kuma an yi feshi, don Allah ku hana yara tsintar matattun tsuntsaye, domin maganin fenthion da ake amfani da shi guba ne ga mutum, kuma ana kai irin waɗannan tsuntsaye kasuwa a soye.