Macijin Kusugu a bakin tafkin kifi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili a bayan Samaru, da ɗan tafki a ciki inda nake kiwon tarwaɗa. Ina so a yi mini siffar macijin nan na rijiyar Kusugu, tsawon kamar mita 3, ya ɗago kai daga tsakiyar ruwa. Da me ya kamata a yi shi, kuma zai cutar da kifina? Daga wani mai karatu, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi siminti ko buhu ɗaya, ka fara tuntuɓar malaminka. Mafi yawan malamai sun hana sassaƙa cikakkiyar siffar abu mai rai, kuma macijin da aka ce Bayajidda ya kashe a Daura, ko da a labari muka san shi, siffar mai rai ce. Masu gudun haka sukan koma ga zanen bango irin na maginan Zazzau, su dagi da makamantansa. Bayanin da ke tafe ya shafi kowane irin ado na siminti da za a kafa kusa da ruwa.

Ba mu goyi bayan a sa shi a tsakiyar tafki ba. Sabon siminti yana sakin wani sinadari mai kaifi kamar kanwa, wanda ke ƙona wa kifi wurin numfashi har ya mutu. Ga nauyi: kankare mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi yana kai kilo 2,400, laka kuwa ba ta riƙe kaya, sai abu ya karkace. Ranar kwasar kifi ma raga za ta riƙa maƙalewa. A kafa shi a tudu, aƙalla mita ɗaya daga gaɓa.

A haƙa harsashi kamar santimita 60, har a tarar da ƙasa mai tauri. A zuba kankare: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a bar rodi mai milimita 12 ya leƙo sama. A jikinsa mai walda zai ɗaura ƙashin macijin, sannan a naɗe da wayar kejin kaji ninki biyu. Shafin farko siminti ɗaya, yashi uku, a danna shi sosai ya ratsa waya, a kakkarce bayansa don na biyu ya kama. Washegari a yi na biyu, siminti ɗaya, yashi mai laushi biyu, a zana ɓawon jikin tun yana da danshi.

Wuya ne inda aka fi samun matsala, don shi ke ɗauke da kai a sama. A ninka rodi a nan, kuma ko'ina siminti ya rufe ƙarfe da kaurin santimita biyu da rabi ko fiye. In ya gaza haka, danshi zai kai ga rodi, tsatsa ta kumbura, ta tsaga simintin daga ciki. A bar cikin macijin fanko don rage nauyi, a huda ƙasansa ruwa ya riƙa fita, a toshe hudar da raga saboda sauro da kunama.

Sai ban-ruwa, wanda nan ne aka fi yin sakaci. Iskar hunturun Zariya tana busar da siminti kafin ya yi ƙarfi, shi ya sa ake ganin ƙananan tsage a jiki. A lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7, kuma a tare ruwan kada ya gangara tafki. Fenti sai bayan kwana 28. Mun fi son a cuɗa garin launi cikin shafin ƙarshe, don rana ba ta saurin cinye shi.

Wajen neman mai aiki, ka leƙa lambun sassaƙe-sassaƙe na sashen zane a Jami'ar Ahmadu Bello, nan kusa da kai. Ka duba tsofaffin ayyukan siminti da kyau, ka ga inda damina da rana suka fi cin su, ka tambayi mai yi maka yadda zai kauce wa hakan. Kuma tunda abin zai janyo yara, a kewaye tafkin da shinge mai ƙofa kafin a fara aiki.