Tambaya da Amsa: Wace ce Valentina Vezzali?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata da ke Mabera, nan Sakkwato. Wata ɗalibata ta nuna mini bidiyon wata Baturiya, wai Vezzali, da fararen kaya da ragar ƙarfe a fuska, tana wasan takobi. Da fitila ta kama sai ta kurma ihu. Wace ce ita, me ya sa ake zuzuta ta haka?

Amsa: Malama, ɗalibarki ta iya zaɓe. Valentina Vezzali 'yar Italiya ce, an haife ta a 1974 a garin Jesi. Takobin nata ba irin na dogaran Sarkin Musulmi ba ne ranar hawan sallah. Siriri ne mai lanƙwasa kamar tsumagiya, bai wuce rabin kilo ba, Italiyawa na ce masa fioretto. Ba a sara da shi, sai dai a taɓa abokiyar karawa da tsininsa a gangar jiki, hannu da ƙafa ba sa cikin lissafi. Rigar da takobin duk an haɗa su da waya, shi ya sa fitilar ke kamawa. Wadda ta fara kai maki 15 ta ci, ko kuma wadda ke kan gaba idan lokaci ya ƙare.

A gasar Olamfik ta kwashi lambobi 9, shida na zinare. Uku daga ciki ita kaɗai ta ciwo su a jere: Sidni 2000, Atens 2004, Beijin 2008. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 2005, da ta zama zakarar duniya a Leipzig wata huɗu kacal bayan haihuwar ɗanta na fari. Duk macen da ta yi jego ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Jesi kuwa gari ne na mutum kusan dubu 40, ko kusa da Sakkwato bai kai ba. Malaminta na farko, Ezio Triccoli, a sansanin fursunonin yaƙi na Zonderwater a Afirka ta Kudu ya koyi wasan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya koma gida ya buɗe makaranta. Daga nan wasu gwanayen wasan takobin, Giovanna Trillini da Elisa Di Francisca, ma suka fito. Daga baya Vezzali ta shiga majalisar dokoki a 2013, ta riƙe harkar wasanni a gwamnatin Mario Draghi a 2021.

Ki nemo wa 'yan matan karawarta da Nam Hyun-hee ta Koriya ta Kudu a Landan 2012, ta neman tagulla. Tana da shekara 38, an ba ta ratar maki huɗu, saura 'yan daƙiƙoƙi, ta farke, ta cinye 13 da 12. Ki ce su zuba ido kan ƙafafunta.