Ku Tambaya, Mu Amsa: Daga Maraɗi Zuwa Sayi, Garin Bakin Kogi

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan Sayi, ƙaramin garin nan na jihar Tillaberi da ke bakin kogin Isa, wato kogin Kwara, kudu da Yamai. Mun haɗa masu kama da juna, mun amsa su tare.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Mokoyo. Ina da niyyar kai ziyara Sayi idan na je Yamai sarin kaya. Yaya hanyar take, kuma kwana nawa zan ware?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ware kwana uku: ɗaya na tafiya, ɗaya na Sayi, ɗaya na komowa. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne a kan babbar hanya mai lamba 1, ta Tsibiri, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso. Manyan motocin safa suna tashi tun kafin asuba, kuma tafiyar tana cin kusan wuni guda, saboda haka kada ka sa a ranka cewa za ka zarce Sayi a ranar. Ka kwana Yamai.

Sayi tana ƙetaren kogi, gefen da ake kira Gurma, wajen kilomita 55 daga Yamai. Dole ka haye gada zuwa Harobanda, ko ta gadar Kenedi ta 1970 ko ta gada ta biyu da ƴan Sin suka gina. A can ɓangaren ake samun ƙananan motocin haya masu zuwa Sayi. Ka ce wa mai taksi ya kai ka tashar Sayi, ya sani. Waɗannan motoci ba su da agogo, sai sun cika suke tashi. Wanda ya isa tasha ƙarfe bakwai na safe yakan tarar da mota tana gab da cika, wanda ya isa goma da rabi kuwa yana iya shafe awa guda yana gadin kujera. Hanyar kwalta ce, mai lamba 27, tafiyar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, gwargwadon tsayawa a shingayen jami'an tsaro.

Ka daidaita tafiyarka ta faɗa ranar Juma'a, domin ita ce ranar kasuwar Sayi. Ran nan motoci sun fi yawa, zuwa da komowa. Ke nan ka bar Maraɗi ran Alhamis, ka yi Sayi ran Juma'a, ka kamo hanyar gida Asabar. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su saki jiki a kasuwa har yamma ta yi. Motocin komowa suna raguwa da zarar kasuwa ta fara watsewa, kuma wuraren saukar baƙi ba su da yawa a garin. Da ka sallame la'asar, ka nufi tasha.

In da motarka za ka, lissafin mai ba wuya: zuwa kaɗai kilomita 715 ne, motar da ke shan lita 8 a kilomita ɗari za ta sha wajen lita 57, zuwa da komowa lita 115, ban da yawon cikin Yamai. Ka cika tanki kafin ka bar Yamai. Katin shaidarka ya kasance wanda bai mutu ba, takardun mota kuma cikakku, na ainihi ba kwafi ba.

Tambaya: An ce mini mutanen Sayi ba su jin Hausa. Ni kuwa ban iya Zabarmanci ba, faransancina ma na lakkol ne da na bari tun da daɗewa. Yaya zan yi? Daga wata uwa a unguwar Zariya.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Harsuna biyu ne suka riƙe garin, Fillanci da Zabarmanci, kuma mutum guda yakan juya daga wannan zuwa wancan a cikin zance ɗaya. Gidan sarauta da gidajen malamai asalinsu Fulani ne, amma kasuwa da tasha da bakin ruwa Zabarmanci ya fi ƙarfi. Hausa kuma ba baƙuwa ba ce: mahauta, masu tireda, direbobi da Sarkawa masu su da yawansu suna jinta. Abin da ba a so shi ne mutum ya faɗa wa dattijo da Hausa kai tsaye, ba gaisuwa, kamar dole ne a ji shi. Ki fara da harshensu ko da kalma biyu ce, sannan ki tambaya ko akwai mai jin Hausa.

A Zabarmanci, "fofo" sannu ce, kuma ita ce na gode. "Mate ni go?" shi ne yaya kike, amsarsa "baani samay", lafiya lau. "Marje no?" nawa ne. Ruwa "hari", kogi "isa", kwalekwale "hi". A Fillanci gaisuwar safe "jam waali", ta rana "jam nyalli", amsa duka "jam tan". Kogi "maayo", nono "kosam".

Inda ake yin asara shi ne wajen kuɗi. Su ma da dala suke ƙirga kamar mu, dala ɗaya tamma biyar. "Waranka" ashirin ce, wato dala ashirin, tamma 100. "Zangu" ɗari ce, dala ɗari, tamma 500. Jikkarmu ta tamma 1000 su "zangu hinka" suke ce mata. Amma in kika ji "zambar fo", kada kunnenki na Hausa ya ce miki jikka ɗaya ce. Dala dubu ake nufi, tamma 5000, jikka biyar cif. In kin yi shakka, ki fiddo takardar kuɗin ki nuna kafin a ɗaure kaya. Ki kuma tanadi canji tun daga Yamai, don mai nono ko mai kifi ba ta da canjin jikka goma da sassafe.

Tambaya: Yarana ba su taɓa ganin babban kogi ba, iyakarsu tabkin Madarumfa. Wane lokaci ya fi dacewa mu je, kuma za su iya shiga jirgi?

Amsa: Malam, a nan ne Bamaraɗe ya fi ruɗewa, domin ya saba da Gulbin Maraɗi, wanda ke kawo ruwa da damina ya bar rairayi da rani. Kogin Isa ba haka yake ba, sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko a watan Agusta da Satumba take zuwa, ruwan saman da ya sauka a yankin ne, wanda rafukan Gurma irin su Sirba, Dargol da Goruwol ke zubowa. Ruwan ja ne, mai laka, mai gudu, yana tasowa cikin ƴan kwanaki. Shi ne ya ci unguwannin bakin kogi a Yamai a 2020. Cika ta biyu ruwan tsaunukan Gini ne, wanda ke yin watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali kafin ya iso, sai ya kai ƙololuwa tsakanin Disamba da Fabrairu. Wannan ya fi tsabta, ya fi natsuwa. Daga nan sai ya dinga janyewa har Mayu da Yuni, lokacin da tsibiran rairayi ke fitowa. A 1985 ma sai da ya daina gudu a Yamai.

Don haka lokacin yara shi ne hutun ƙarshen Disamba: kogi cike, gari da sanyi, sauro ya ragu. Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ga ruwa ya ja baya, ba abin kallo sosai. Damina kuwa ba mu ba da shawarar shiga jirgi da yara.

In za ku shiga, ku yi ciniki a tudu, a yanke kuɗin zuwa da komowa da tsawon lokaci kafin kowa ya sa ƙafa. Ka leƙa cikin jirgin: ɗan ruwa a ƙasa da kwanon kwarfa ba komai ba ne, duk jirgin katako yana tsatsa, amma in ka ga yaro na kwarfa ba hutawa tun jirgi na tsaye, ka nemi wani. Bayan kowa ya zauna, bakin jirgi ya rage aƙalla taƙi ɗaya sama da ruwa. Mafi yawan kifewar jirage lodi ne ke kawo ta, musamman ranar kasuwa da yamma, in aka haɗa mutane da buhuna da dabbobi. Yara su zauna a tsakiya, a ƙasa, kowane da babba kusa da shi, ba mai miƙewa don ɗaukar hoto. In iska ta taso, a fasa. Akwai dorina a kogin, tana kuma kifar da jirgi, musamman mai ɗa. In mai jirgi ya ce ba ya bin wani wuri, kada a matsa masa.

Wanka kuma a'a. Ruwan gefe mai ciyawa, inda ba ya gudu, nan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya suke, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Ba ta nuna kanta nan take. Sai bayan makonni ko watanni a ga jini a ƙarshen fitsarin yaro. In haka ta faru a je likita a faɗi cewa ya shiga kogi, akwai maganinta, praziquantel, da ake bayarwa gwargwadon nauyin jiki. Zazzaɓin da ya biyo bayan tafiya da mako ɗaya ko biyu kuma a yi gwajin maleriya.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Tsibiri. Ban da kogi, me ke Sayi da ya isa a yi masa doguwar tafiya?

Amsa: Malam, in gine-gine kake nema, ba za ka daɗe ba ka gama. Darajar Sayi a tarihinta take. Garin ya yi suna ne da Alfa Mahaman Jobbo, malamin Fulani da ya zauna nan wajen 1825, ya rasu a 1834. Bai kafa garin da takobi ba. Karatu da sulhu ne suka tara masa jama'a, Fulani da Zabarmawa da sauransu, abin da ya sa har yau harsunan biyu ke tafiya tare. Zuriyarsa ke riƙe da sarauta, ana ce wa mai riƙe da ita Alfaize, wato ɗan Alfa. Kabarinsa yana garin. Ka fara zuwa ƙofar gidan sarauta ka yi gaisuwa, ka faɗi daga inda ka fito, a haɗa ka da wanda zai raka ka. Ɗan goro ko abin sadaka ya wadatar. Kada ka ɗauki hoto sai ka tambaya. Mun san mutanen Maraɗi ba bakinsu ɗaya ba a kan ziyarar kaburbura. Ko wane ra'ayi gare ka, gidan mutane ka je, ba wurin muhawara ba.

Ga abin da za ka kai wa ɗalibanka. A ƙarni na 19 Sayi tana ƙarƙashin inuwar Gwandu, wato wani ɓangare na daular Sakkwato, wadda kakannin Maraɗi da Tsibiri suka yi ta gwabzawa da ita, amma fataken Hausa masu zuwa Gwanja sarin goro a nan da yawansu ke ƙetare kogi. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851, ya iso Sayi a watan Yuni na 1853, a nan ya fara ganin kogin. Sannan a 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi zuwa Barwa a bakin tabkin Cadi, suka ce arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. An yi ta gyara layin a yarjejeniyoyin da suka biyo baya, har aka samu iyakar da ke tsakanin Ɗan Isa da Jibiya a yau. Ita kanta Sayi ta zauna ƙarƙashin Dahome, wato Benin ta yau, ta zauna ƙarƙashin Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, sai a 1927 aka haɗa ta da Nijar.

Akwai kuma Jami'ar Musulunci, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke shawarar kafawa a taronta na Lahore a 1974, aka buɗe ta a 1986. Ɗalibanta daga ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suke, a nan za ka ji Larabci da Hausa sun cika wuri. Juma'a ba ranar ganin ma'aikatan ofis ba ce. In jami'ar ce ta kai ka, ka zaɓi wata ranar.

Tambaya: Hanyar tana da lafiya? Muna so mu wuce har gandun dajin W.

Amsa: Gandun dajin ku cire shi daga lissafi. Hanyar da ta wuce Sayi zuwa Tamu da Tapowa ta shiga yankin da ƴan bindiga ke kai da kawo. Gundumar Sayi tana cikin waɗanda aka sa wa dokar ta-ɓaci tun ƙarshen 2018, kuma an sha hana hawa babur a sassan jihar Tillaberi, saboda haka kada ku dogara da kabu-kabu kamar a Maraɗi. Hali yana canzawa daga mako zuwa mako. Ku tambayi direbobin tasha da wanda kuka sani a garin ana jibi za ku tashi, ku sake tambaya da safen. Ba tafiyar dare, ba ratse daga kwalta, ba ɗaukar hoton gada, shinge ko soja.

Tambaya: Ina so in kawo wa maigida da yara tsarabar kifi. Ɗanye zai iso Maraɗi?

Amsa: Hajiya, da wuya. Kifin da kika saya Juma'a da hantsi sai Asabar da yamma zai shiga tukunyarki, fiye da awa talatin ke nan. Ba zai kai ba sai da akwatin sanyi da ƙanƙara kilo ɗaya ga kowane kilo na kifi, a fede shi a cire hanji da matsarmama tun a bakin ruwa, a jera ƙanƙara ƙasa da sama, a zubar da ruwan da ya narke a ƙara sabuwa a Yamai da dare. A ƙarƙashin motar safa, kusa da zafin inji, ƙanƙarar ba ta kai Ƙonni.

Giwan ruwa da karfasa ki ci su can, a soye ko a gashe. Na tsaraba ki sayi banda, tarwaɗa ta fi jure hanya. Ki karya ɗaya ki duba: ta karye ƙas, cikinta a bushe, ba laushi kusa da ƙashin baya. In gari na zuba daga cikinta, ƙwari sun riga ki. In kuma kika ji wari irin na maganin ƙwari, ki bar ta ko da araha, domin wasu na yayyafa shi don korar ƙuda. Kada a ɗaure ta cikin leda, gumi take yi ta yi fumfuna. A sa ta a kwali da takarda, a huda gefensa. Da kin iso gida ki baza ta a rana wuni ɗaya, ko ki ɗan maida ta kan wuta marar harshe, kafin ki adana.